Butar Kakana da Burodi Uku

Ko zan manta da duk abin da aka koya mini a makaranta, ba na jin zan taɓa mantawa da daminar da na kusa rasa gurbina a tabarmar kakana, saboda wasu halittu da ko ganinsu ba a yi da ido.

A gidanmu na Kwanyawa, maza a ƙofar gida suke cin tuwon dare. Da an idar da sallar magariba sai a shimfiɗa tabarma, kowane sashe ya fito da kwanonsa, kakana ya zauna a tsakiya, babana da ƙannensa su kewaye shi. Yara kuwa a cikin gida suke ci, wajen iyaye mata. Shekarar da na shiga ƙaramar sakandare, kakana ya ce na isa, a matsa mini wuri. Kada ku so ku ga yadda kaina ya kumbura. Har tafiyata sai da ta canza, ƙannena ma na daina amsa musu magana da wuri.

Kafin a fara ci, akan kawo ruwan wanke hannu a kwano guda. Kakana ne farko, sai babana, sai mai bi masa, a haka har a zo kan ƙarami, wato ni. Lokacin noman gyaɗa ne, kowa ya wuni da ƙasa da taki a hannu. Kafin kwanon ya iso gabana, ruwan ya koma kalar kunun kanwa. Ban taɓa damuwa ba. Ni a wurina ma alfahari ne.

Rannan malaminmu na kimiyya, wani siririn mutum mai yawan dariya da ke zuwa daga Rogo a kan babur, ya shigo aji rungume da madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa, wanda ya aro. Ya sa aka ɗebo ruwa a kududdufin bayan aji, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ya ce mu zo ɗaya bayan ɗaya. Da na kafa ido sai da na ja da baya. Wasu 'yan abubuwa na gani suna kai da kawowa kamar ranar kasuwa, wani dogo, wani kewayayye, wani yana ta juyi shi kaɗai. Malam ya ce waɗannan ma manyan ne. Bakteriya sun fi su ƙanƙanta, bairos kuwa wannan madubin ma ba ya iya ganinsa. Ya ce wasu masu amfani ne, su ne ke mayar da madara kindirmo, wasu kuma su ne ke kawo gudawa da taifot, kuma yawanci hannu ne ke yi musu rakiya zuwa baki.

Da yamma kwanon ya zagayo ya iso gabana. Na leƙa ciki, sai na ga kamar kududdufin nan ne aka ɗauko aka dire mini. Na naɗe hannuwana a cinya.

Babana ya ce, "Kai, wanke hannu mana, mutane na jira."

Na ce, "Baba, akwai ƙwayoyin cuta a ciki."

Babana mutum ne mai haƙuri, amma ban da a kan mahaifinsa. Ya ce, "Ruwan da tsohona ya sa hannu shi kake ƙyama? Abin da ake koya muku ke nan? Tashi ka koma cikin gida, dama ba ka isa zama nan ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kakana ne ya cece ni, shi ma da tsiya. Dama kullum cikin faɗan wasa muke, don kakata ba ta kirana sai da "maigidana", shi kuma ya ce na ƙwace masa mata. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙyale shi tukuna. Kai ɗan boko, ka ce da dabbobi a ruwan nan? Masu ƙaho ne ko marasa ƙaho?"

Baffannina suka fashe da dariya. Na ce, "Wallahi Kaka na gani da idona."

Ya ce, "To ni ma sai na gani da nawa. Ka kawo mini su nan. In na gani, ka dawo tabarma. In ban gani ba, kai da tabarmar nan sai ka yi gemu."

Washegari na sami malam kamar zan yi kuka, na roƙe shi aron madubin. Ya ce ai an mayar wa masu shi. Da na ba shi labari, sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Ba za ka iya nuna masa su ɗaya-ɗaya ba. Amma in ka ba su abinci da wurin zama, za su kafa gari, shi kuwa gari ba ya ɓuya." Ya koya mini yadda zan yi.

Na karɓo yanka uku na burodi wajen mai shayi, kowanne a ledarsa. Da aka zauna cin tuwo, na zo na durƙusa. Kakana ya wanke hannu a kwano, ya dafa yanka na farko da tafin hannunsa. Na jira kowa ya gama, na tsoma nawa a ragowar ruwan, na dafa na biyu. Sannan na koma gefe aka zuba mini ruwa da buta, na wanke da sabulu, na dafa na uku. Tsohon nan da wayo, shi ya ɗaure ledojin da kansa, kowacce da irin ƙullinta, ya kai ɗakinsa ya rataye, wai kada in yi masa maguɗi.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. Ga ni a cikin gida ina cin tuwo da ƙannen da na gama yi wa girman kai, suna ta tsokanata, wai ko su matsa mini wuri. Kullum da safe in na je gaishe da kakana sai ya ce, "Lafiya lau. Dabbobinka dai shiru, ko ba su sami ciyawa ba ne?" In leƙa ledojin, burodi na nan fari tas. Har na fara zargin malam, na fara shafa haɓata ina lissafin yaushe gemu zai fito.

Ran nan da hantsi, ba makaranta, sai ga kakana da kansa ya leƙo yana kirana, kuma ba da sunan tsokana ba. Na same shi a zaure shi da babana, ga ledoji uku a gabansu. Na uku, wanda na dafa bayan sabulu, ɗan tabo kaɗan ne a gefensa. Na kakana ya yi ɗigo-ɗigon kore. Na biyu kuwa, na ragowar ruwa, ba ka ce burodi ne ba. Ya yi gashi, kore da baƙi da ruwan ɗorawa, har shatin yatsuna ana gani. Daga baya malam ya ce yawancin abin da muka gani fumfuna ce, ita ma cikin ƙananan halittun take, bakteriyar na nan a tare da ita.

Na shirya in yi ihun nasara, amma fuskar tsohon ta hana ni. Ya daɗe yana juya ledar nan ta biyu. Can ya dubi babana, ya ce a hankali, "Wannan ba dattin yaron nan ba ne. Namu ne. Ashe duk shekarun nan abin da muke miƙa wa na ƙasa da mu ke nan, muna cewa girma ne." Babana ya sunkuyar da kai, don shi ma ya taɓa zama na ƙarshe a tabarmar.

Da magariba aka aiko in fito. Na tarar babu kwanon ruwa. Kakana na zaune da butarsa ta alwala, wadda duk gidan ba mai taɓa ta, ga guntun sabulu a kan murfin kwano. Babana ya miƙa hannu zai karɓa ya zuba masa, ya janye. Ya ce, "Da can ma alwala da buta muke yi, ban san abin da ya kai mu kwano ba. Kai ɓarawon mata, matso. Yau daga ƙasa za a fara."

Na miƙa hannuwana. Mutumin da ko takalminsa ba na tsallakewa, shi ne yake zuba mini ruwa, yana cewa, "Cuɗa sosai, har tsakanin yatsu, kada mai ƙahon ya tsira." Kowa na dariya, ni ma ina yi, amma idona ya cika da ƙwalla. Daɗi ne ya yi mini yawa.

Kakana ya rasu da jimawa, Allah Ya jiƙansa, amma har yau da buta ake wanke hannu a ƙofar gidanmu, kuma ƙarami ake fara zuba wa. Malam ya koya mini cewa akwai halittun da ido ba ya gani. Tsohon nan kuwa ya koya mini abin da ya fi wannan: babba na gaske shi ne wanda yake waiwayawa ya duba abin da ya bar wa na bayansa, in ya ga datti ne, ya tashi ya ɗauko buta da kansa.