Matse-Tsumma da Daɓen Gidan Likita

Ƙanwar kakanku, wadda ake ce wa Matse-Tsumma, shekara ashirin da biyu ta yi tana aiki a gidan wani tsohon likita. A nan take kwana, a wani ɗan ɗaki bayan kicin. Ba ta da wani wurin sai shi.

Daɓen gidan na katako ne, amma ba katakon kirki har ciki ba. Falle-falle ne aka manna da gam, a sama aka ɗora fatar itace mai kyau, kaurinta bai fi farce biyu ba. Ranar da ake shimfiɗawa tana tsaye da tsintsiya, kafinta ya ce mata, "Yarinya, ƙasar nan kamar gishiri take, ba ta shiri da ruwa." Ta riƙe maganar nan gam.

Kullum da safe ta share yashi tukuna, don yashi ke kartar ƙasar. Ta tsoma tsumma, ta murɗe shi har wuyan hannunta ya yi ƙara, ta durƙusa ta bi tsawon katakon. Ƙafafun kujeru duk ta ɗinka musu safa da tsohon bargo. In ka zubar da shayi, kafin ka ce kash ta tsane shi.

To, likita ya rasu, ɗansa ya dawo gida da digiri da tumbi. Yaron da ta wanke wa kashi fa! Ya same ta a durƙushe.

"Inna, har yanzu rarrafe kike yi? Ai duniya ta wuce nan."

Sai ga shi da injin goge ƙasa mai tururi, yana huci kamar kububuwa.

Ta ce, "Ɗan nan, kar ka haɗa wa ƙasar nan zafi da ruwa. Gam ne ke riƙe da ita."

"Ke kika karanta takardar injin ko ni?"

"Ban iya karatu ba. Ƙasar ce na iya."

Ya yi dariya har tumbi na rawa. Ya ce ta tattara kayanta, ɗakinta ma sito zai zama. Ranar tafiya ta kulle ɗakin karatun marigayi, ta ƙulle makullin a bakin zani. Wai mantuwa ce. Mu dai mun san halinta.

Wata biyu tana raɓe a wurina, ba ta ko cin abincin kirki. Can kuwa falo ya kumbura, gefen katako ya tashi kamar busasshen ganye. Mai digiri ya kira mai injin gurza, wai a gyara. Fatar da ba ta fi farce biyu ba! Gurza ɗaya, farin katakon ciki ya leƙo dabbare-dabbare kamar kan mai makero. Kunya ba ta kama shi ba, ya ce wa uwarsa ai Inna ce ta ruɓar da ƙasar da tsummanta shekara da shekaru.

Tsohuwar ta aika a kira ta. Matse-Tsumma ba ta yi musu da kowa ba. Ta kwance bakin zani, ta buɗe ɗakin karatu, ta durƙusa ta shafe ƙura da tafin hannu. Ƙasa ta yi sheƙi, har mai digiri yana hango tumbinsa a ciki.

Ta ce, "Rana ɗaya aka shimfiɗa su, tsumma ɗaya ya goge su."

Tsohuwar ta dubi ɗanta sama da ƙasa. "Kwashe tarkacenka daga ɗakinta. Da hannunka."

Ya kwashe kuwa, yana gumi. Falo aka rufe shi da kafet, duk inda ya taka sai ya yi ƙiiƙ. Injin nan yana bayan kicin har yau, a kansa take shanya tsumma.