Zulai Ba Ta Shiga Rauda Ba

A Gubuchi, in aka ce Ashafa direba, kowa ya san wanda ake nufi, ko da yake ya daɗe da ajiye tuƙi ya koma noman masara. Ƙuruciyarsa duk a kan titi ta ƙare, yana kwasar rake daga kasuwar Makarfi zuwa Sakkwato da Maiduguri, wani lokaci har Legas. Abin alfaharinsa ɗaya ne: bai taɓa neman wani ya yi masa jagora a hanya ba. Mutum ne mai kyauta da son raha, amma in ya kafe a kan magana, ko turmi ya fi shi motsi.

Matarsa Zulai mai ƙuli-ƙuli ce, ba ta da yawan magana. Tun tana amarya take da buri ɗaya, ta yi sallah raka'a biyu a Rauda, wurin nan da ke tsakanin kabarin Manzon Allah da mimbarinsa a masallacin Madina. In tana suya, begen da take yi ƙasa-ƙasa ke nan.

Da 'ya'yansu suka kawo ƙarfi, suka haɗa kai za su kai iyayen Umara. Babbansu, Shamsuddeen, ya zo daga Kaduna da shawarar a saka su cikin ayarin wani kamfani na Zariya, mai malamin da ke yi wa maza jagora da malama ta ɓangaren mata.

"A sa mini riga iri ɗaya da kowa, ana kaɗa ni kamar tumaki?" in ji Ashafa. "Ni da na ratsa Legas da lodin rake? Ka samo mana biza da masauki kawai."

"Baba, can ba kamar nan ba ne. Komai ya koma waya."

"Bakina fa? Matambayi ba ya ɓata."

Shamsuddeen ya dubi mahaifiyarsa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yadda Malam ya ce."

Madina suka fara sauka. Masaukin da aka kama musu ta waya ya yi kyau a hoto, amma yana da nisa da masallaci, ga Zulai da ciwon gwiwa. Kafin su isa sallar azahar ƙafarta ta kumbura. Ashafa ya buɗe baki zai yi tambaya, sai ya tarar Hausarsa da ɗan Turancin tasha ba su ciyo masa komai ba. Wanda ya tara sai ya amsa da Larabci, ya nuna wani gefe da hannu ya wuce.

Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne, ƙofar mata daban take, ba zai iya bin ta ciki ba. Ya raka ta bakin shinge ya tsaya. Ta bi layi har ta isa gaban askar mace mai tsaron ƙofa, aka nuna mata waya ana cewa wani abu, ta miƙa ƙaramar wayarta mai madannai, aka girgiza kai aka mai da ita baya. Washegari ma haka. Ashafa ya ce cunkoso ne, su canza lokaci. Suka canza, ba ta sauya zane ba. Rannan da ta fito ta wata ƙofar, ta ɓace masa tun hantsi har la'asar. Ya same ta zaune gindin wata lema, takalmi a hannu, leɓɓanta sun bushe.

Ana gobe za su wuce Makka suka yi kiciɓis da Sa'idu, wani mai shagon taki a Kudan, shi da matarsa Firdausi, cikin ayarin nan na Zariya. Bayan doguwar gaisuwa, Firdausi ta kama hannun Zulai.

"Yaya, kin shiga Rauda kuwa? Mu tun shekaranjiya malama ta shigar da mu. Har dutsen Uhudu an kai mu a mota, ana ba mu tarihi."

A nan Ashafa ya fara jin cewa shiga Rauda sai da izinin da ake nema ta waya, a ba mutum rana da lokaci. Malamar ayarin ta karɓi fasfon Zulai ta yi iya ƙoƙarinta, amma gurbin mata mafi kusa sai bayan sun bar garin.

Da yamma suka tsaya a farfajiya, daidai inda ake hango koriyar ƙubba. Zulai ta yi sallama ga Manzon Allah daga nan, hawaye na bin fuskarta. Ashafa ya rasa inda zai sa idonsa.

"Zulai, ni na ja miki."

"Haba Malam. Ai sallamar tana isa. Rabo ne bai yi ba."

Sun yi Umararsu lafiya, don a Makka Ashafa ya liƙe wa ayarin su Sa'idu, inda suka sa ƙafa nan yake sawa. Da suka dawo gida, Zulai ta raba dabino da zamzam, ta ba matan unguwa labarin Ka'aba da daɗi. In an tambaye ta Rauda, sai ta ce masallacin yana da girma ƙwarai, ta tashi ta duba tukunya. Ko sau ɗaya ba ta yi masa gori ba, shi kuwa ya ce da ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ya ƙudura zai mai da ita. Damina biyu yana ƙara faɗin gona, ya je Zariya da ƙafarsa ya sa sunansu cikin ayari. Ana saura kaɗan kaka ta yi, ciwon suga ya kwantar da Zulai, ba ta tashi ba har Allah Ya yi mata rasuwa.

Ashafa ya ƙi tafiya. Ya bar wa autarsu Samira da mijinta kujerun. Ranar da Samira ta kira daga Madina yana gona ana sussukar masara.

"Baba, na shiga. Na yi wa Inna addu'a."

"Madalla," ya ce. "Allah Ya karɓa."

Ya sa wayar a aljihu, ya sallami ma'aikata tun rana ba ta yi ba, ya zauna kan buhu shi kaɗai har aka kira azahar.