Mai Kamfanin Aro

Wani dattijo na zaune a benci, a ƙofar ɗakin kwamitin bincike, cikin babbar rigar da ta yi masa yawa. Rigar sabuwa fil, amma ƙafafunsa duk faso, hannuwansa kuma na mai riƙe fartanya ne. Yau ake so kowane ɗan majalisa ya faɗi ko yana da hannu a kamfanin da ya haɗa gwiwa da gwamnati ya gina gadar da ta rufta da mutane.

Bakin dattijon sai motsi yake yi. Na ɗauka addu'a ce, ashe sunan kamfanin yake bita, yana kakarewa a tsakiya.

Ya kamo hannuna. "Ɗana, in na ce kamfanin nawa ne, za su bar ni in koma gida yau? Ƙanena ya ce magana ɗaya ce kawai. Ɗan majalisa ne, ba zai cuce ni ba. A hannuna ya girma."

Ina jin ko gadar bai taɓa gani ba.

Masinja ya leƙo ya ce, "Ina mai kamfanin?"

Dattijon ya waiwaya yana neman mutumin, kafin ya tuna shi ne.