Gawon da Lantana ta ɗaura wa tsumma

Ni Binta, tare munka tashi da Lantana a wani ɗan ƙauye gindin tudu, kusa da Karofan. Ta girme ni da damina biyu, kuma har ta koma ga Allah ba ta bari na manta ba. Gajera ce, ga bakin tsiya. In ta ce a'a, ko maigari sai ya sake hanya.

Yaran yanzu in sun ga inuwa ko'ina cikin gonaki, sai su ɗauka haka Allah ya aje ta. Ina! Shekarar babbar yunwa, daga ƙofar gidanmu kana hangen raƙumi tun yana nesa, babu iccen da zai tare maka ido. Ruwa in ya sauka kan tudu gudu yake kamar an kore shi, ya kwashe ƙasa ya bar mana tsakuwa. Maza sunka watse biɗar abinci, wasu Abijan, wasu Legas, har da Ɗantala mijin Lantana. Ya bar ta da goyon Yaƙubu, da gonar da ko akuya ba ta tsayawa cikinta.

Ana gobe zai tafi, suna sassabe, sunka tarar da ɗan tsiron gawo bai fi taƙi ba. A lokacin manomin kirki ba ya barin ko tsinke a gona. Ga kuma tsoro: icce na gwamnati ne, in ya girma a gonarka ka sari reshe, masu gandun daji su karɓe gatarinka su tasa ka gaba har Buza. Shi ya sa kowa ke kashe tsiro tun bai zama magana ba. Lantana ta yage bakin tsohuwar rigar Ɗantala ta ɗaura wa tsiron, ta ce kada wanda ya taɓa shi.

Bayan nan furoje, wato shirin taimako na gyaran ƙasa, ya zo. Mu mata munka yi aikin nan, kowa ya gaya maka daban ƙarya yake. Kamiyo, babbar motar kaya, ya zube duwatsu, mu ɗauka a ka mu jera, mu gina ramukan rabin wata da diga don su tare ruwa, ana ba mu abinci bakin aiki. Tafin hannu ya fashe, gammo ya cinye mana gashin tsakar ka, amma wallahi ban sake yin dariya irin ta lokacin ba, kuma ina kewarta. Lantana ke ba da waƙa muna amshi, tana tsiyata mazan da sunka tafi ɗaya bayan ɗaya da sunansu. In ta zo kan Ɗantala sai ta tsallake.

Saƙonsa ya zo sau biyu, daga nan shiru. Ta kewaye gawon da ƙaya, tana rage masa rassa, tana faɗa da makiyaya a kansa. Kowane sassabe sai ta sake masa sabon tsumma daga rigar nan. Mutane na ce wa wurin gonar raggo, har ranar da sunka ga hatsin gindin gawon ya fi na kowa zangarniya. Da anka ce wanda ya raini icce a gonarsa nasa ne, kowa ya bi sawunta, ƙauye ya yi duhu da itatuwa.

Shekara biyu ke nan, wata Laraba, sai ga mota da wasu samari da igiyar awo. Suna zagaye kowane icce, suna rubuta masa lamba da jan launi. Maigari kawai sunka gaya wa, shi kuwa yana kwance asibiti a Madawa. Tsohon tsoro ba ya mutuwa, barci yake. Hamisu mahauci ya ce gwamnati ta dawo karɓar kayanta, gara kowa ya ci abinsa. Da safe ba ka jin komai sai gatari. Ni ma, Allah ya yafe mini, da bakina na ce wa ɗiyana su kayar da adduwata biyu, kuma har yau in na bi ta wurin kututturan sai zuciyata ta ɓaci.

Yaƙubu, da furfurarsa, ya saɓa gatari ya nufi gawon. Lantana ta ce in kama mata hannu, munka bi shi tana dogara sanda. Ta zauna a gindin iccen ta miƙe ƙafafu.

Ya ce, "Inna, ki tashi. Gobe iccen nan ba namu ba ne."

Ta ce, "To, fara da ni, na fi shi taushi."

Ana cikin haka motar ta dawo. Shugabar masu awon, wata yarinya Fiddausiya, da ta ga ɓarnar sai da ta dafe kai. Ta durƙusa gaban Lantana ta ce, "Kaka, ba karɓa munka zo yi ba." Wai ƙasarmu ta ɗauki alkawarin raya itatuwa saboda suna shanye hayaƙin da ke ƙara wa duniya zafi, su kuma ƙidaya suke don a san abin da manoma sunka raina. Na ce, "To, da kun buɗe baki jiya mana, ɗiyata, ai baki na gaba da igiya."

Igiyarta da ƙyar ta zagaye gawon. Ta tambayi shekarunsa, Lantana ta ce na Yaƙubu, a cire ɗaya. Yarinyar ta ɗaga kai ta ga tsumman a reshe, ta ce na mene ne.

Lantana ta ce, "Gonar nan duk ta sake kama. In mai ita ya dawo, da me zai gane ta?"

Shekara arba'in muna tare bayan tafiyarsa, ban taɓa jin ta faɗi haka ba. Yaƙubu ya aje gatarin a ƙasa, ya juya mana baya.

Ta rasu bara da kaka. Da munka buɗe adudunta, munka tarar da abin da ya rage na rigar, bai kai tafin hannu ba. Bana da sassabe Yaƙubu ya hau gawon ya ɗaura shi.