Ranar da na ce wa surukina fitsari nake ji

Shekarun baya, ina sabon ango, ko lallen amarya bai gama fita ba, na yi wata tafiya da har gobe in na tuna sai na yi dariya, in kuma ji gabana ya faɗi.

Surukina tsohon direba ne, mutumin Garo. Tun kafin a haife ni yake jan babbar mota, amma duk zirga-zirgarsa a nan ƙasarmu ce: Kabo, Gwarzo, Kano, Funtuwa, Katsina. Kun dai san ƙasar tamu, shimfiɗe take kamar tabarma. Ni kuwa ƙaramin direba ne, sai dai ubangidan da ya koya min tuƙi ɗan hanyar Jos ne, don haka na sha hawa da gangara.

Sai Baba, wato surukin nawa, ya sami lodin wake da gero zuwa Lafiya, hanyar da bai taɓa bi ba. Abokin tuƙinsa na kwance ba lafiya. Matata ta ce, "Don Allah ka raka Baba mana, tunda ka san hanyar." Na ce to. A raina kuwa na ce wannan mata ta haɗa ni da aiki. A wurinmu suruki ba abokin hira ba ne. Ka gaishe shi a durƙushe, idonka a ƙasa, ka tashi ka ba shi wuri. Yanzu ga ni ga shi a gaban mota ɗaya, har kafaɗarmu na gogar juna. Shi ma ko sunana ba ya kamawa, sai dai ya ce Malam.

Shi ya karɓi sitiyari, ni ko tayi ban iya yi ba. Har muka wuce Jos lafiya lau. Bayan azahar muka zo wani ɗan gangare, sai na ga Baba ya zare giya ya sa mota a firi, tana ta gudu da nauyinta, shi kuma ƙafarsa na kan birki yana ta lallaɓawa. Haka direbobinmu suke yi don rage shan mai, kuma a hanyar Gwarzo babu abin da zai same ka. Amma ni na san abin da ke gabanmu. Hawan Kibo ne, gangare mai tsawo da kwana-kwana, ga rami a gefe. Motar da ta ɗauko kaya irin namu, in ka shiga wurin a firi, birki zai yi zafi ya daina kamawa, iskar tankin birki ta ƙare, giyar kuma ta ƙi shiga. Daga nan sai salati.

Na leƙa agogon iska, na ga allurar ta ɗan sauka. Ƙaurin birki ma ya fara shigowa ta taga. To, ta ina zan fara? In ce wa mutumin da ya ba ni 'yarsa bai iya tuƙi ba?

Na yi gyaran murya. Baba ya miƙo min goro.

Na ce bari in zagayo ta bayan gida. Na ce, "Baba, akwai wani abokina da ya taɓa shiga gangaren nan na gaba a firi, da ƙyar aka ciro motar."

Ya ce, "Allahu akbar. Yaran yanzu ba su da haƙuri." Ya ci gaba da tuƙinsa.

Kai jama'a! Gumi ya jiƙa min riga, alhali garin sanyi ake. Na hango inda manyan motoci ke tsayawa kafin su gangara, na san in muka wuce nan magana ta ƙare. Wallahi tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce da ƙarfi, "Baba, fitsari nake ji!"

Ku da kuka san kunyar suruki, ku auna wannan magana. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige. Baba bai dube ni ba. Ya ce, "Subhanallahi," ya sa sigina ya gangara gefe ya tsaya.

Na dira na zagaya bayan mota na tsuguna, babu fitsari babu dalilinsa. Na kai hannu kusa da tayar baya, zafi ya buge ni tun ban taɓa ba. Ina nan tsugune sai na ga ƙafafun Baba a gefena. Ya shaƙi ƙaurin, ya dubi taya, ya dube ni.

Na ce a raina, tunda na riga na zubar da mutuncina, bari in ƙarasa. Kaina a ƙasa na ce, "Baba, ka gafarce ni. Ƙarya na yi. Gangaren nan ba a shigarsa a firi. Sai birki ya huce, iska ta cika, a sa babbar giya tun daga nan sama, wadda za a iya hawowa da ita. Inji ne zai riƙe motar. Birki kuma a taka sosai a saki, ba a ɗora masa ƙafa a bari ba."

Na fara tunanin ta inda zan koma Kabo a ƙafa. Can Baba ya zaro makulli daga aljihu ya miƙo min. Ya ce, "Wanda na ba 'yata, zan hana shi sitiyari? Bismillah, Malam."

Muka jira ƙaurin ya tafi, allura ta koma inda take. Na sa giya ta biyu, na yi addu'a, muka fara sauka. Inji na kuka kamar zai fashe, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Ƙananan motoci na wuce mu suna hon, wani ma ya leƙo ya ce ko turawa za a yi. Ban kula shi ba. A wata kwana na hango gawar wata tirela a can ƙasa, ta yi tsatsa, ciyawa ta fito ta cikinta. Baba ma ya gani. Carbinsa kawai nake ji yana ƙas-ƙas.

Da muka iso ƙasa na tsaya. Muka sauka muka sha ruwa. Baba ya zauna a kan dutse, ya daɗe yana kallon tsaunin da muka baro. Sannan ya ce, "Malam, in gaya maka gaskiya? Tun da muka bar Jos na ga ƙasar nan ba irin tamu ba ce. Sau nawa na buɗe baki zan ce ka karɓa, sai in ce yaya zan nuna wa yaron nan gazawata. Ashe kana kunyata, ina kunyarka, mota kuma tana tafiya."

Na ce, "Baba, Allah ya kiyaye."

Ya ce, "Ya kiyaye kam. Amma dai gobe ka nemo wata ƙaryar, wannan ta yi muni." Ranar na fara jin dariyarsa.

Yanzu Baba ya ajiye tuƙi, yana zaune a ƙofar gida yana fama da jikoki, kuma duk direban da ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin nan, da ƙarin gishiri. Ni ba na jin haushi. Kunya abu ce mai kyau, ita ta raine mu, kuma har yau a durƙushe nake gaishe shi. Abin da na koya shi ne, in rai na cikin haɗari, a faɗi magana tun ana sama, ko wa za a faɗa wa. Duk wanda ya zauna a gefena a mota, babba ko yaro, tun a tasha nake ce masa in ya ga abu ya faɗa, ba zan ji haushi ba.

Wani lokaci in na dawo daga tafiya na tarar da matata tana tankaɗe a tsakar gida, sai in tsaya ina kallonta. Da na yi shiru a ranar nan, da a yini ɗaya ta rasa uba ta rasa miji.