Ranar da Dije Ta Yi wa Konseye Gwalo

Har gobe ban manta da wata Talata ta watan Nuwamba ba, a shekarata ta biyu ina koyar da Ingilishi a wata sakandare a Dakoro. Ɗan kwantiragi nake lokacin. Konseye, wato jami'in da ke zagayawa yana duba koyarwarmu, shi zai rubuta rahoton da za a duba kafin a sabunta mini aiki.

Darasin ranar shi ne sautin nan na farkon kalmar uku a Ingilishi, wanda ba ya fita sai ka zaro harshe tsakanin haƙora. Mako uku ina fama da 'yan siziyem, wato 'yan ajin farko, a kansa. Na yi faɗa, na buga tebur, na kira su daƙiƙai, a banza.

Konseye, Malam Bukar, dattijon Babarbare ne. Ya zauna can baya da biro a hannu. Na zaro harshe na furta, na ce su maimaita. Kowa ya sunkuyar da kai. Na je tabulo, wato allo, na dawo, na sake komawa, alli ya karye a hannuna. Sai na tashi Dije, Bafulatana daga wajen Korahane, wadda ta fi kowa ƙoƙari.

Ta rufe baki da gyale. "Mushe, ba ni iyawa." Haka suke kiran malami da Faransanci.

"Don mi?"

"Gwalo ne hwa. In hiddo ma babba halshe, ga kuma baƙo?"

Na ce shi ke nan, aiki ya tafi.

Sai Malam Bukar ya taso. "Ke Bafulatana, ni ubangidanki Babarbare ne, tsakaninmu ba kunya. In kin isa, yi mini!"

Wasan Fulani da Barebari kuwa ba a barin bashi. Dije ta dubi idonsa, ta zaro harshe, sautin ya fito tsaf. Aji ya ɓarke da dariya, kowa ya juya yana yi wa abokin wasansa.

An sabunta mini kwantiragi, amma kunyar ranar ba ta sake ni ba. Ku da kuke shigowa aikin nan, in yaro ya ƙi furta abu, ku tambaye shi dalili kafin ku zage shi. Ni mako uku na yi ina zagin yara, su kuwa girmama ni suke yi.