Masarar Zubaida Mai Giɓi

Zubaida ta yi aji huɗu a koleji, kuma duk unguwarsu a Tasawa ba wanda bai sani ba, don ita ba ta bari a manta. Ɗiyar manoman gero ce daga Cake. Ta yi shekara ashirin tana buga takardu a biro, wato ofis, da ta aje aiki sai matan unguwa suka naɗa ta shugabar ƙungiyarsu ta lambu, tunda ita kaɗai ke iya karanta abin da aka rubuta a bayan ƙunshin iri.

Bara ɗanta ya aiko mata da irin masara mai zaƙi daga Yamai. A taron ƙungiya ta ɗaga ƙunshin sama ta ce nan da wata uku za su ci masarar da ba su taɓa ci ba, kuma a nan za a gane bambancin wadda ta shiga lakwal ta yi karatun boko da wadda ta leƙa ta taga. Ba wadda ta tambaye ta, ita ta faɗa da bakinta.

Ta shuka gindi talatin jikin katanga, layi ɗaya ɗoɗar kamar ƴan lakwal a gaban mushe malaminsu. Ta ba su taki, ta ba su ruwan pampo safe da yamma. Masara ta tashi, ta yi goyo, ta fitar da fure a sama. Zubaida ta dubi furen nan da idon ɗiyar Cake. A gonar ubanta zangarniyar da ba ta da ƙwaya ba a barin ta tana shan ƙarfin ƙasa a banza. Ta ɗauko wuƙa ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta fille, ta zuba wa ragonta. Uku kawai suka tsira, su ma don sun fi ta tsawo ne, kuma ta ƙi hawa turmi a tsakar gida da girmanta.

Ana haka Mairo, yayar mijinta, ta shigo. Mairo ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma ta yi zaman aure a Madarumfa, inda masara ba baƙuwa ba ce. Ta tsaya ta dubi katanga, ta dubi rago.

"Ke Zubaida, wa ya yi wa masarar nan aski?"

Zubaida ta yi mata bayani, har da faransanci. Mairo ta bari ta gama, sannan ta ce furen sama shi ne namiji, shi ke zubo da garin nan mai ruwan ƙwai a kan gashin goyo, kuma kowane sili ɗaya na gashin ƙwaya ɗaya ne. Da ma an shuka ta a dunƙule iska za ta yi aikin, amma a layi ɗaya garin bayan katanga yake tafiya.

"To ga amare talatin," in ji ta, "angwaye kuma rago ya cinye."

Kwana biyar Zubaida tana hawa turmin da hantsi, bayan raɓa ta bushe, tana kaɗa fure ukun nan a faifai. Mairo na ƙasa tana ba da umarni, ita kuma mai koleji tana bi tana barbaɗa wa kowane goyo da yatsu, tana ƙunƙuni cewa shekara huɗu ba malamin da ya taɓa faɗa mata masara na da miji.

Garin furen bai isa ba. Da aka ɓare, goyo shida ne suka cika, sauran ƙwaya nan, giɓi can. Mijinta ya ce ta sayo ta kasuwa ta haɗa, wa zai gane. Ta ce ƙarya kam ba za ta ƙara a kan wauta ba.

Ranar taro ta dafa su duka ta kai, ta faɗi abin da ta yi tun daga wuƙa har rago. Mata suka yi dariya har da riƙe ciki, suka cinye masarar tas, don zaƙi kam akwai shi. Sai wata ta ce badi Mairo ta ja gaban shuka. Zubaida ce ta fara ɗaga hannun amincewa. Ta buɗe littafin taro ta tambayi Mairo sunan ubanta don ta rubuta cikakken sunanta.

"Rubuta Danda," in ji Mairo. "Kuma ki rubuta da kyau, tunda rubutun kika iya."